Ɗinya a Tafin Ƙafa

A kasuwar Bukuru, mai neman shagon Nneoma ba sai ya faɗi sunanta ba. Ya ce "tela mai safa" kawai, za a nuna masa. 'Yar Ibo ce haifaffiyar Jos, Hausa ta fi zama a bakinta fiye da yaren iyayenta, kuma rabin ankon da zumuntar mata ke sakawa a coci-cocin Bukuru daga kan kekenta yake fitowa. Rani da damina da safa take yawo. Ko a watan Maris, da rana ke gasa kwanon rufin kasuwa, za ka same ta tana taka keke da safa har ƙauri. Masu sayar da zare sukan ce mata, "Ke da aka haifa a nan, har yau sanyin Jos bai sake ki ba?" Sai ta yi dariya ta ce ai ba a raina sanyin Filato.

Ba sanyi take gudu ba. A tafin ƙafarta da gefen idon sawunta akwai wasu 'yan ƙululu guda shida, shuɗi mai duhu, masu laushi. Da biyu aka haife ta, sauran suka yi ta fitowa tana girma. A firamare yara sun taɓa yi mata waƙa a kansu, tun daga ranar ta shiga safa ba ta fita ba. Mijinta Dantong, malamin gona a ƙaramar hukuma, shi ne namiji na farko da ya gan su. Ya duƙa ya duba, ya ce, "To, ashe da ɗinyarki kike yawo. Sun nuna kuwa?" Ta jefe shi da silifa, amma sunan ya zauna.

Abu na biyu da aka san Nneoma da shi shi ne ƙarancin jini. Tun tana shekara goma sha huɗu idonta fari ne, in ta hau tudu sai haki. Sau biyu ana yi mata ƙarin jini kafin aure. Wani asibiti ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, wani ya ce tsutsar ciki, wani ya ce al'adarta ce ke da yawa. Sau uku ana gwada ta ko sikila ce, sau uku ana cewa ba ita ba ce. Kowa sai ya rubuta mata jajayen ƙwayoyin ƙarin jini ya sallame ta.

Da ta yi aure, jinin nata ya zama filin gasa tsakanin tsofaffi biyu. Uwarta, Mama Obianuju, ta yi imani babu ciwon da ruwan ganyen ugu da madarar gwangwani ba sa warkarwa. Kowace Asabar sai ta taso daga cikin gari da jarka. Uwar mijinta kuwa, Ngo Firisila, 'yar Birom, ba ta ganin komai sai gwaten acca da yakuwa da ƙashin naman sa.

"Mu da shi muka yi noma a kan dutse," in ji Ngo Firisila. "Kin taɓa ganin Birom ya faɗi a gona?"

Mama Obianuju shekararta arba'in a Jos, amma har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji. Sai ta ce, "Yarinya na ba ya noma, ɗinki yake yi. Ugu ne maganin shi."

Nneoma takan sha wannan, ta ci wancan. Abin da ya rage Dantong ke shanyewa, don kada ran kowa ya ɓaci. Cikin shekara biyu shi ya yi kumatu, ita tana nan yadda take.

Ranar Lahadin godiyar girbi abin ya kai maƙura. Iyalai na tafiya gaban coci da rawa, kowa da abin da ya kawo. Dantong na gaba da buhun dankalin Turawa a kafaɗa, Nneoma na biye da kwandon tumatir a ka. Suna tsakiyar hanya ta ji gangar ta yi nisa, fitilun sun dushe. Ba ta san lokacin da ta kai ƙasa ba. Tumatir ya gangara har ƙarƙashin kujerun dattawa.

Kafin a kai ta mota, tsofaffin biyu sun kalli juna, kuma karon farko tun ranar biki suka yarda da abu ɗaya. Ngo Firisila ta rufe baki da gefen mayafi. Mama Obianuju ta ɗaga hannu sama ta fara waƙa a hankali. Kafin a tashi daga coci, rabin zumuntar mata sun san Nneoma na da ciki, wasu ma sun san wata nawa.

Ba ciki ba ne. Awon ya nuna jininta ya sauka ƙasa da rabin abin da ya kamata, kuma ƙaramin asibitin da aka fara kai ta ya tura su babban asibiti a Jos a ranar. Aka sa mata jini leda biyu. Aka ce wa Dantong ya je ya ba da nasa a mayar wa ma'ajiyar jini. Ya tafi yana faɗin cewa ko leda uku suke so su ɗiba. Da ya ga allurar sai ya ce a ɗan buɗe taga, daga nan bai ƙara cewa komai ba sai da aka yayyafa masa ruwa.

"An ce ka suma," in ji Nneoma da ya dawo ɗakin.

"Hutawa na yi."

"A ƙasa?"

"Nne, bar wannan maganar. Ke yanzu ki yi tunanin jinin wa ke jikinki. In kika fara neman fura da nono, mun san na Bafulatani ne."

Kwana biyu bayan haka wata likita ta shigo zagaye da ɗalibai huɗu a bayanta. Gajeruwa ce, 'yar Pankshin, gilashinta na rataye da igiya a wuya. Sunanta Dakta Yael, ƙwararriyar ciki da hanji. Ta karanta fayil ɗin a tsaye, ta juya shafi ta koma baya.

"Madam, shekara goma sha biyar ana cika tulu yana raguwa, ba wanda ya duba gindin tulun?"

Ta duba idon Nneoma da harshenta, ta danna cikinta. Sai ta ce ta cire safa, tana so ta ga ko ƙafar ta kumbura.

"Ba ta kumbura ba, likita."

"Na yarda. Cire in gani."

"Akwai sanyi."

Dakta Yael ta dube ta ta saman gilashi. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Madam."

Nneoma ta kalli ɗaliban, ta kalli bango, ta zare safar a hankali. Ta jira a yi abin da aka saba yi, a ɗan ja baya ko a kau da kai. Likitar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta kamar an miƙo mata jariri. Ta danna ɗaya daga cikin ƙululun da babban yatsa. Ya lotsa, ya zama fanko kamar bakin bulumboti. Ta saki, ya sake cika a hankali. Ta sake dannawa.

"Tun yaushe?"

"Da biyu aka haife ni, sauran daga baya. Ɗinya muke ce musu a gida."

"Suna zafi?"

"In na daɗe a tsaye. Wani lokaci suna gumi."

"Akwai wasu?"

Akwai ɗaya a bayan kafaɗa, da wani ƙarami a cikin kumatu wanda ko Dantong bai san da shi ba.

"Bayan gidanki fa, wane launi ne?"

Nneoma ta sunkuyar da kai. Dantong, da ke tsaye bakin taga, ya shiga karanta kalandar bango da dukan hankalinsa.

"Baƙi ne. Kamar kwalta. Amma an ce mini ƙwayoyin ne ke sa haka."

"Suna sawa. Lokutan da ba kya shan su fa?"

Nneoma ta ɗago kai. "Ko a lokacin ma."

Dakta Yael ta cire gilashinta ta sake shi ya faɗa ƙirji. Ta yi ƙoƙarin ɓoye murnarta, amma abin ya fi ƙarfinta.

"Ki yi haƙuri, ba daɗin ciwonki nake ji ba. Shekarata goma sha takwas ina aikin nan, a littafi kawai na taɓa ganin wannan." Ta juya ga ɗaliban. "Ku matso. In Madam ta yarda, kowa ya danna sau ɗaya, a hankali. Wataƙila har ku yi ritaya ba za ku ƙara gani ba."

Nneoma ta yarda. Kafin azahar labari ya zagaye asibitin. Likitocin fata suka zo, na yara suka zo, har wani tsohon likitan ƙashi da ba abin da ya haɗa shi da zancen ya leƙo. Ƙafar da ta shekara ashirin ba ta ga rana ba ta ga baƙi fiye da talatin a wuni ɗaya.

"Oga Dan," ta ce wa mijinta, "je ka tsaya a ƙofa. Ko gidan zu ba a shiga kyauta."

Da yamma likitar ta dawo ita kaɗai, ta zauna ta yi musu bayani. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, kalma biyar ne, Dantong ya fara rubutawa a tafin hannu wurin ya ƙare. Ta ce ma'anarsa dai shuɗin ƙululu mai laushin roba. Ba daji ba ne, ba a ɗauka daga wani, kuma yawanci ba gado ba ne. Wasu jijiyoyin jini ne da tun a ciki ba su ginu daidai ba, suka buɗe suka zama 'yan jakunkuna cike da jini.

"Na fata ba su cika yin ɓarna ba. Matsalar ita ce irinsu sukan fito a cikin tumbi da hanji, kuma can fatarsu ba ta da kauri. Abinci na wucewa yana goga su, suna tsiyaya kaɗan-kaɗan, kullum. Ina zaton nan jininki ke tafiya. Amma gani ya kori ji. Za mu saka kyamara."

"Ta ina?" in ji Nneoma.

"Ta sama, sannan ta ƙasa."

"Kyamara ɗaya?"

"Daban-daban, Madam. Mu ma muna da tarbiyya."

Wahalar ba a kyamarar take ba, a shirin take. Aka hana ta abinci, aka ba ta wani ruwa mai gishiri-gishiri lita huɗu ta shanye don a wanke hanji. Mama Obianuju ta zo da jarkarta, nas ta tsayar da ita a ƙofa. Ngo Firisila ta zo da kular gwate, ita ma aka tsayar da ita. Suka zauna kan benci ɗaya a baranda suna sukar asibiti, daga baya yunwa ta kama su suka buɗe kular. An ga Mama Obianuju ta ƙara cokali na biyu, ko da yake ta ce gishirin ya yi kaɗan.

Washegari da safe aka yi aikin. Nneoma ba ta tuna komai ba sai ɗacin maganin da aka fesa mata a maƙogwaro. Da ta farfaɗo, Dakta Yael ta nuna musu hotunan a waya. Ga su nan, a jikin jan bangon ciki, zagaye, masu duhu. Huɗu a tumbi da farkon hanji, biyar a babban hanji. Ɗaya yana tsiyaya a lokacin da aka ɗauki hoton.

Dantong ya daɗe yana kallo. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya miƙa wayar, ya fita baranda, ya jima kafin ya dawo da jan ido, ya ce hayaƙin janareta ne.

A zama biyu likitar ta yi maganin waɗanda hannunta ya kai. Manyan ta ɗaure su da 'yan zobban roba don su bushe su faɗi, ƙananan ta ƙone su. Amma ta gaya musu gaskiya. Tsakanin inda kyamarar sama ta tsaya da inda ta ƙasa ta tsaya akwai ƙaramin hanji mai tsawon gaske, kuma hoton da aka ɗauka daga waje ya nuna akwai wasu a can, a warwatse. Yanke su duka babbar tiyata ce, kuma suna iya sake fitowa.

"Akwai wani magani, sirolimus. Asali masu dashen ƙoda aka yi wa shi, daga baya aka gano yana sa irin waɗannan jijiyoyin su lafa. Na yi magana da wasu abokan aiki da suka gwada shi, sun ga amfani. Ba ya warkarwa, yana dai riƙe ciwon. Yana rage garkuwar jiki, yana iya kawo gyambon baki, kuma dole mu riƙa auna jininki akai-akai." Ta dubi Nneoma. "Sannan ba a ɗaukar ciki ana shan sa. Aƙalla shekara ɗaya nake so, kafin mu sake magana."

Nneoma ta shiga lissafi a zuci. Shekararta ashirin da tara, aurensu shekara uku. Ta tuna fuskar tsofaffin nan biyu a coci. Ita kanta, a ƙasan akwatin yadinta, akwai wasu 'yan riguna uku da ta ɗinka da ragowar atamfa, ba ta nuna wa kowa ba.

A cikin Keke Napep, kan hanyar komawa Bukuru, ta ce, "Wa zai gaya musu?"

"Ni."

"Kai da allura ta kayar?"

"Allura daban, Ngo daban. Ko da yake," ya sosa ƙeya, "allurar ta fi sauƙi."

Ranar Asabar ya tara su a falo. Nneoma na ɗaki, ƙofa a buɗe, tana ji. Ya yi bayanin tulun da ke yoyo, ya yi bayanin maganin, sannan ya ce batun jika sai a ajiye shi shekara guda, wataƙila fiye.

Ngo Firisila ta ce, "Shekara guda? Kana ganin ƙuruciya nake yi?"

"Ngo, in kina da gona da zaizaya ta cinye, shuka kike fara yi ko gyaran kunya?"

"Kar ka kawo mini aikin ofis ɗinku nan."

Can sai Mama Obianuju ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba irin wadda aka sani ba. Ta ce lokacin da aka haifi Nneoma da tabon nan, wata tsohuwa a garinsu ta ce laifin uwa ne, wai ta ci abin da bai kamata ba da ciki. Shekara ashirin da tara tana ɗauke da maganar. Shi ya sa ita ta fara saya wa yarinyar safa.

"Likita ya ce ba ni ba ne?"

"Ta ce ba kowa ba ne, Mama. Haka jijiyoyin suka ginu."

Tsohuwar ta sa gefen zani ta share fuska. Ngo Firisila ta kalle ta, ta matsa kusa, ta dafa mata gwiwa.

"To, shi ke nan," ta ce. "Yarinyar dai ta rayu. Amma ka ji, Dantong, shekara guda aka ce. Ina ƙirgawa."

Maganin bai zo da sauƙi ba. Babu shi a kantunan Jos, sai an aiko daga Legas, kuma sau ɗaya ya makara har kwana tara. A wata na biyu bakinta ya yi gyambo, barkono ya gagare ta. Ga 'yar Ibo wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ta zauna tana shan kunun gyaɗa tana kallon Dantong na cin miyar egusi, har ya ji kunya ya koma ci a bayan gida kusa da kejin kaji. Dakta Yael ta rage yawan maganin, gyambon ya warke. Wata mura ta kwantar da ita mako guda, duk gidan ya tsorata, ta wuce.

A wata na huɗu bayan gidanta ya koma launi irin na kowa. Ta fito daga banɗaki ta sanar da mijinta da murna, shi kuma ya ce a tarihin aurensu ba a taɓa yi masa albishir irin wannan ba, goron me zai bayar? A wata na shida awon jininta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba tun tana sakandare, ba tare da an ƙara mata ko leda ɗaya ba. Ɗinyoyin ƙafar ba su ɓace ba, sun dai yi laushi, biyu sun motse.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne halin da jinin ya zo da shi. Nneoma da aka sani mai sanyi ce, ba ta da ƙarfin gardama. Ashe gajiya ce. Yanzu ta tashi da asuba ta share tsakar gida, ta canza wa kujeru wuri, ta gano cewa labulen falo bai taɓa yi mata ba. A taron 'yan layinsu na kasuwa ta miƙe ta yi magana minti ashirin a kan kwatar da ta toshe, har aka naɗa ta sakatariya don ta zauna.

Ranar da suka koma asibiti a wata na tara, Dakta Yael ta duba takardar awo ta gyaɗa kai. Ta ce in aka ci gaba haka, bayan Ista za su fara tsara yadda za a dakatar da maganin na ɗan lokaci, a jira wata uku ya fita daga jiki, sannan a gwada neman ciki, ita da likitan mata suna sa ido tare. Ta ce jinin na iya sake sauka, kuma in ya sauka za a koma kan magani. Ba ta yi musu alkawarin komai ba.

"Akwai wata tambaya?"

Dantong ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Likita, matar da na kawo muku shiru-shiru ce. Wannan jiya ta sa ni fentin kicin. Ba yadda za a ɗan rage jinin, ko kofi ɗaya?"

"Ba ma karɓar kayan da aka riga aka gyara, Malam Dantong."

Nneoma ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Tashi mu je, Oga Dan. Fentin bai kai bayan firji ba, na duba."